Isansi ko gazuwal: wace mota ta fi rangwame wajen jan kaya?

Darasinmu na wannan fitowa a kan motar ɗaukar kaya yake, da man da take sha, da kuɗin da man yake ci.

Ƙasar Kornaka ƙasar rairayi ce. Babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi zuwa Dakoro ta ratsa ta, amma da zarar an sauka daga kanta aka nufi ƙauyukan Ɗan Gulbi, ko na Ajekoriya, ko Mayara, ko Sabon Mashi, sai tuddan yashi da kwarin Gulbin Kaba. Ƙaramar mota ba ta iya wannan hanya. Sai amalanken shanu, ko raƙumi, ko motar nan mai ja da ƙafa huɗu. Ita ke kai hatsi bankin cimaka, ita ke fitar da wake da gujiya kasuwa, ita ke kai wa bisashe dusa da ruwa da rani.

Ƙungiyoyi da dama suna hayar irin wannan mota, wasu kuma suna tara kuɗi don su sayi tasu. Duk inda aka zauna shawara, gardama ɗaya ce ke tashi: a ɗauki mai shan isansi ko mai shan gazuwal? Wannan gardama alƙalami ne ke raba ta. Kuɗin lita guda ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne kuɗin da aka kashe kafin buhu guda ya isa inda za shi.

Kalmomin darasi

Kat-kat: mota mai ja da ƙafafunta huɗu, irin su Toyota Land Cruiser da Hilux.
Isansi: man da maƙwabtanmu na Najeriya ke kira fetur.
Gazuwal: man da suke kira gas ko dizal.
Amalanken mota: keken ƙarfe mai taya da ake ɗaurawa bayan mota ta ja shi.
Tan: kilo 1,000, wato buhu 10 masu kilo 100.

1. Bambancin man biyu

Isansi da gazuwal uwa ɗaya suke. Dukansu daga ɗanyen mai ake tace su. A ƙasarmu ana haƙo ɗanyen mai a Agadem, cikin jahar Diffa, a turo shi ta bututu zuwa matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram. An buɗe wannan matata a watan Nuwamba na 2011, kuma an gina ta don ta tace ganga 20,000 a rana. Kamfanin SONIDEP, wanda aka kafa a 1977, shi ne na gwamnati mai kula da raba mai cikin ƙasa.

To amma halinsu ba ɗaya ba ne. Isansi sakayau ne, yana saurin bin iska. Lita guda nauyinta wajen giram 750 ne. Gazuwal ya fi kauri, yana da maiƙo a hannu, litarsa ta kai giram 830 ko ta ɗara kaɗan. Saboda wannan nauyi, ƙarfin da ke cikin litar gazuwal ya ɗara na litar isansi da fiye da kashi 10 cikin 100. Kamar tiyar hatsi mai ƙwari ce da tiyar hatsi mai ƙaiƙayi: ma'auni ɗaya, amma tuwon da za su bayar ba ɗaya ba.

2. Bambancin injin biyu

Injin isansi yana gauraya mai da iska, ya matse su, sai buji ya ƙyasta wuta su kama. Wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ne ya daidaita irin wannan inji a 1876.

Injin gazuwal ba ya bukatar ƙyasta wuta. Iska kawai yake matsewa, matsa mai tsanani, kusan ninki biyu na matsar injin isansi. Iskar sai ta yi zafi ƙwarai. Daga nan sai a fesa mata gazuwal, ya kama da kansa. Wani Bajamushe ne kuma ya ƙago shi, Rudolf Diesel, injinsa ya yi aiki sosai a 1897. A wani babban baje-koli da aka yi a Paris a 1900, an nuna irin wannan inji yana aiki da man gujiya. Wannan tarihi ne kawai muka ba ku. Kada wani ya zuba man gujiya a motar zamani, zai toshe ta.

Tsananin matsar nan shi ke sa injin gazuwal ya fi tatsar ƙarfi daga man da aka ba shi. Idan aka haɗa wannan da nauyin gazuwal ɗin kansa, sai a tarar motar gazuwal tana shan abin da ya gaza na ƴar'uwarta mai isansi da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, in girmansu ɗaya ne kuma aikinsu ɗaya.

Akwai bambanci na biyu, wanda ya shafi jan kaya. Manomi ya san sa, ya san doki. Sa ba ya gudu, amma yana sa ƙirji ya ja galma tun daga takun farko. Doki sai ya zabura ƙarfinsa ke fitowa. Injin gazuwal sa ne: yana ba da ƙarfin jansa tun yana juyawa a hankali. Injin isansi doki ne: sai an taka shi ya yi ƙara sannan ya ja sosai, kuma duk lokacin da yake ƙara, mai yake zuƙa. Shi ya sa in aka ɗaura kaya mai nauyi aka shiga yashi, shan motar isansi yakan hau fiye da na motar gazuwal.

Kada a ɗauka doki ba shi da ranarsa. Babban injin isansi ya fi tsohon injin gazuwal sauri da zafin nama. Injin gazuwal da aka fi sani a tsofaffin Land Cruiser, wanda ake kira 1HZ, ya fito a 1990. Yana da juriya, yana da sauƙin gyara, amma ba a san shi da gudu ba.

3. Me ke ƙara shan mai in ana jan kaya?

Abu huɗu ne.

Na farko nauyi. Kowane kilo sai inji ya biya shi da mai, musamman wajen tashi da wajen hawan tudu. A tuna litar ruwa kilo guda ce. Tano mai lita 200 kilo 200 ne, ban da nauyin tanon. Tankin ruwa mai lita 1,000 tan guda ne cur.

Na biyu rairayi. A kan kwalta taya mirginawa take yi. Cikin yashi nutsewa take yi, kullum kamar tana hawan ɗan tudun da ta tara a gabanta. Ƙafafun amalanke ba su ja, jan su ake yi, don haka su ma wani nauyi ne.

Na uku iska. In aka ninka gudu sau 2, turjiyar iska tana ninkuwa sau 4. Lodin harawa ko kara da aka tula ya yi tsawo ba shi da nauyi sosai, amma yana tare iska kamar bango.

Na huɗu hannun direba da lafiyar mota. Mota ɗaya, hanya ɗaya, kaya ɗaya, direba biyu za su iya dawowa da lissafi biyu.

4. Mu auna da kanmu

Abin da mai sayar da mota ya faɗa ji ne. Abin da muka auna gani ne, gani kuwa ya kori ji. Ga yadda ake yi:

A cika tanki fal a gidan mai. A rubuta lambar kilomita da agogon mota ya nuna.
A yi tafiyar da aka saba, da kayan da aka saba.
A dawo a sake cika tanki fal. A rubuta lita nawa ya ci, a rubuta sabuwar lambar kilomita.
A ɗebe lambar farko daga ta biyu. Abin da ya rage shi ne tsawon tafiya.
A ninka litocin sau 100, a raba da tsawon tafiya.

Misali: mota ta yi kilomita 250, tanki ya ci lita 45. To 45 sau 100 ya ba da 4,500. A raba 4,500 gida 250, a samu 18. Wannan mota tana shan lita 18 a kowane kilomita 100.

A yi awon sau biyu: sau ɗaya ba amalanke, sau ɗaya da amalanke da kaya. In agogon kilomita ya mutu, a gyara shi, ba shi da tsada kamar asarar da rashinsa ke jawowa. Kafin a gyara, a yi awo a kan hanyar da aka san tsawonta. Wasu Land Cruiser tanki biyu gare su, sai a tabbata an cika duka biyun kowane karo.

5. Lissafin kuɗi

A ƙasarmu litar gazuwal ta fi ta isansi tsada tun 2022. A watan Agusta na wannan shekara aka ɗaga kuɗin gazuwal daga sefa 538 zuwa 668. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage kuɗin mai: isansi ya sauko daga 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618. Za mu yi aiki da farashin 2024, mu cike shi don sauƙin lissafi: isansi 500, gazuwal 620. Ku kuma ku sa farashin da kuka tarar a gidan mai ranar da za ku yi naku.

Ga wata dabara mai sauƙin riƙewa. Lita 5 ta isansi sefa 2,500 ce. Lita 4 ta gazuwal sefa 2,480 ce. Kusan kuɗi ɗaya ke nan. Ashe a wannan farashi, in motar gazuwal ta sha lita 4 inda ta isansi ta sha 5, kunnen doki suka yi. Sai ta sha ƙasa da haka sannan riba ta fara.

Yanzu mu ɗauki misali. Waɗannan lambobi na koyon lissafi ne, kowace mota da nata.

A ce ba kaya, motar isansi tana shan lita 16 a kilomita 100, ta gazuwal tana shan 12.
Isansi: 16 sau 500, sefa 8,000.
Gazuwal: 12 sau 620, sefa 7,440.
Bambanci: sefa 560 kacal.

A ce an ɗora kaya an ɗaura amalanke, ta isansi ta koma lita 24, ta gazuwal ta koma 17.
Isansi: 24 sau 500, sefa 12,000.
Gazuwal: 17 sau 620, sefa 10,540.
Bambanci: sefa 1,460.

Mu duba da kyau. In mota wayam take yawo, ribar gazuwal ƴar kaɗan ce. In kaya take ja, ribar ta kusa ninkuwa uku.

Sai tambaya ta gaba: sau nawa motar za ta yi aiki a shekara? Ƙungiyar da ke bin kasuwanni, tana jan kaya kilomita 300 kowane mako, za ta tsira da sefa 4,380 a mako. A mako 50 ya zama sefa 219,000, wato jika 219. Ƙungiyar da sai da kaka kawai take jan kaya, tafiya 10 mai kilomita 100, abin da za ta tsira da shi sefa 14,600 ne a shekara. Wannan bai kai ya biya bambancin kuɗin saye ba, in motar gazuwal ta fi tsada.

6. Kuɗin buhu guda

Lissafin da ya fi shafar manomi shi ne na buhu. A ce muna da buhu 16 na hatsi, kasuwa kuma zuwa da dawowa kilomita 100 ce. Motar gazuwal tana ɗaukar buhu 8 a bayanta.

In ba amalanke, sai an yi sawu biyu. A ce kowane sawu lita 13. Jimla lita 26, wato sefa 16,120. A raba gida 16: kowane buhu ya ci wajen sefa 1,000.

In da amalanke mai birki, sawu ɗaya ya isa. Lita 17, sefa 10,540. A raba gida 16: kowane buhu ya ci wajen sefa 660.

Amalanke ya ƙara wa mota shan mai, amma ya rage wa buhu kuɗi. Don haka maƙwabta su haɗa kayansu a yi sawu ɗaya cikakke. In da hali kuma kada mota ta dawo wayam: ta ɗauko taki, ko dusa, ko gishirin bisashe.

Wanda zai yi haya ma wannan lissafi yana yi masa amfani. In ya san kilomita, ya san abin da mota ke sha, ya san kuɗin lita, to ya san kuɗin mai. Abin da ya hau kai shi ne ladan direba da na mota, sai a yi ciniki a kansa ido buɗe, ba cuta ba cutarwa.

7. Abin da ba a gani a gidan mai

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kafin a sayi mota, a duba waɗannan:

Kuɗin saye. Sau da yawa motar gazuwal ta fi ƴar'uwarta tsada.

Gyara. Injin gazuwal yakan daɗe, amma famfonsa da allurai masu fesa mai suna da tsada in sun lalace. Injinan gazuwal na zamani, waɗanda na'ura ke sarrafawa, ba su jure gurɓataccen mai ko kaɗan. Ruwa ko ƙasa ƴar kaɗan tana iya kashe su, gyaransu kuma sai an je babban gari.

Bakanike da kayan gyara. A tambaya tukuna: wa ya iya wannan inji a kusa da mu? Kayansa suna samuwa a Maraɗi? Motar da ke kwance tana jiran ƙarfe ba ta shan mai, amma hatsi yana zaune, kasuwa tana wucewa.

Samun mai. Shekara da shekaru jama'ar jahar Maraɗi sun saba da isansin bakin hanya mai shigowa daga Najeriya da araha. A ranar 29 ga Mayu 2023 gwamnatin Najeriya ta janye tallafin da take yi wa fetur, kuɗinsa ya yi tsalle, arahar ta kau. A watan Maris na 2025 kuma an yi ƙarancin isansi a ƙasarmu, motoci suka yi dogayen layuka a gidajen mai. Darasin da ke ciki shi ne, kada a sayi motar da za a yi shekara 10 da ita saboda arahar man bana kawai.

8. Hanyoyin rage shan mai

Waɗannan sun shafi motocin biyu duka.

A tafi a hankali. Sannu ba ta hana zuwa. Mai jan amalanke ba abokin tsere ba ne.

A kula da iskar taya. Cikin yashi mai zurfi a rage iska, taya ta baje, mota ta daina nutsewa. Da an hau hanya mai ƙarfi a mayar da iskar, don taya maras iska tana ƙara shan mai, tana zafi, tana iya fashewa. Famfon iska ya zama cikin kayan mota kullum.

A sa ƙafa huɗu inda ake bukata kawai. In an hau kwalta a cire, a kwance makullin ƙafafun gaba in motar tana da shi.

A zaɓi giyar da ta dace tun kafin a shiga yashi ko a fara hawan tudu. Canjin giya a tsakiyar yashi shi ke kafe mota. In ta kafe, kada a yi ta taka mai, ƙara binne kanta za ta yi. A sauka a tone, a shimfiɗa ƙarfe ko itace, in ya kama a kwance amalanke.

A yi sammako. Da safe yashi yana da sanyi, inji ma ba ya saurin zafi.

A riƙa duba matatar iska, musamman lokacin hunturu da ƙura. Matatar da ta toshe tana shaƙe inji.

A motar gazuwal, a riƙa zubar da ruwan da ke taruwa ƙarƙashin matatar mai. In man jarka za a zuba, a bar shi ya kwanta, a tace shi da tsumma mai tsabta.

Kada a bar inji yana aiki a banza ana hira ko ana lodi.

In aka yi kuskure aka zuba isansi a motar gazuwal, ko gazuwal a ta isansi, kada a tayar da inji. A kira bakanike ya zuƙe tankin.

9. Lodi da tsaron rai

Kowace mota da iyakar abin da za ta ɗauka da abin da za ta ja. Yana rubuce a takardunta. A ƙasashe da yawa doka ta tsayar da cewa amalanken da ba shi da birki kada ya wuce kilo 750, har da nauyin kansa. In amalanke wayam kilo 250 ne, buhu 5 kawai ya rage masa. Abin da ya wuce haka sai amalanke mai birki.

A ɗora kaya mai nauyi a ƙasa, a ɗan matso da shi gaban ƙafafun amalanke. Wajen kashi 1 cikin 10 na nauyin ya kamata ya danna kan maɗaurin mota. In nauyi ya koma baya, amalanke yakan yi wutsiya, ya kaɗa mota hagu da dama har ya kifar da ita. A ƙara sarƙa bayan maɗauri, don ko ya ɓalle kada ya tafi shi kaɗai. Tankin ruwa a cika shi fal, don ruwan da ya tsaya rabi yana tangaɗi yana tura mota.

Mota mai jan kaya ba ta tsayawa nan take. A bar tazara mai yawa, a rage gudu tun kafin a shiga gari ko a iske garke. Kada a ɗauki mutum a cikin amalanke ko bisa lodi, ko da ya roƙa.

10. Mai da lafiyarmu

Isansi yana fitar da tururi mai kama wuta ko da sanyin hunturu. Ba sai wuta ta taɓa man ba, tururin kawai ya isa. Gazuwal bai kai shi saurin kamawa ba, amma shi ma yana ci. Kada a ajiye jarkar mai a ɗakin kwana, ko kusa da murhu, ko kusa da rumbu. Kada a zuba mai ana shan taba, ko ana haskawa da fitilar wuta.

In motar dakon mai ta faɗi, a gudu, a kori yara. A watan Mayu na 2019 wata ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai, mutane suka taru ɗibar mai, ta kama wuta, sama da mutum 50 suka rasu a daren. A watan Oktoba na 2024 haka ta faru a Majiya, cikin jihar Jigawa ta Najeriya, mutum fiye da 150 suka rasu.

Kada a zuƙi mai da baki ta tiyo. Ɗigo kaɗan in ya sarƙe mutum ya shiga huhu, yana ƙona shi, ya kawo ciwon huhu mai tsanani.

Kada a zuba mai a kwalbar lemo ko ta ruwa a bar shi inda yara ke wasa. In yaro ya sha mai, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa nono ko man gujiya, don amai ne ke tura man cikin huhu. A tuɓe masa rigar da ta jiƙe, a wanke masa jiki da ruwa da sabulu, a kai shi gidan likita nan da nan, ko da ana ganin ya warware.

Hayaƙin mota yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Injin isansi ya fi fitar da ita. Tana sa ciwon kai, da jiri, da barci, daga nan sai mutuwa. Kada a tayar da inji cikin rufaffen wuri, kada a kwanta kusa da salansa inji yana aiki. Hayaƙin gazuwal kuma yana da baƙin toka mai shiga huhu. A 2012 masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa shi cikin abubuwan da ke haddasa ciwon dajin huhu. Motar da ke tuƙa baƙin hayaƙi tana ƙona kuɗi a banza, tana cutar da masu lodi. A kai ta gyara.

Jarka ko tanon da ya taɓa ɗaukar mai bai dace da ruwan sha ba, na mutane ko na bisashe. Kada a ɗora jarkar mai bisa buhun hatsi. Baƙin man da aka juye daga inji kuma ba magani ba ne, kada a shafa shi a gyambon dabba, kada a zubar da shi kusa da rijiya.

11. To, wace za a zaɓa?

In aikin jan kaya mai nauyi ne, kowane mako, a hanya mai nisa, kuma ana samun gazuwal mai tsabta da bakaniken da ya iya injin, motar gazuwal ta fi rangwame.

In aikin jefi-jefi ne, kayan ba su da nauyi, kuɗin ƙungiya kuma kaɗan ne, motar isansi mai lafiya ta fi motar gazuwal da ta gaji.

In aikin na kaka ne kawai, haya ta fi saye. In tafiyar ba ta wuce gona zuwa gida ba, amalanken shanu ya fi su duka, don abincinsa a gonarmu yake fitowa, takinsa kuma gonar yake komawa.

Kowace aka zaɓa, a saya mata littafi. Magatakardan ƙungiya ya ja layi biyar: rana, inda aka je, kilomita, lita, buhu nawa. A karanta shi a gaban kowa ranar taro. Littafin nan yana nuna ranar da mota ta fara rashin lafiya, don shanta zai hau ba dalili. Yana kuma kare direba mai gaskiya daga zargi, ya kare dukiyar jama'a daga yoyo.

Aikin gida

1. Mota ta yi kilomita 200, ta sha lita 46 ta isansi. Lita nawa take sha a kilomita 100?
2. In litar isansi sefa 500 ce, nawa aka kashe a wannan tafiya?
3. Wata mota ta yi wannan tafiya da lita 34 ta gazuwal, lita sefa 620. Nawa aka kashe? Wace ta fi rangwame, kuma da nawa?
4. In buhu 20 kowace ta ɗauko, nawa buhu guda ya ci a kowace mota?
5. Yaro ya sha isansi. Faɗi abu biyu da ba a yi, da abu ɗaya da ake yi nan da nan.

Amsoshi: (1) Lita 23. (2) Sefa 23,000. (3) Sefa 21,080. Ta gazuwal ta fi rangwame da sefa 1,920. (4) Ta isansi sefa 1,150. Ta gazuwal sefa 1,054. (5) Ba a sa shi amai, ba a ɗura masa komai. A kai shi gidan likita.

Muna roƙon malaman yaƙi da jahilci su yi wannan lissafi a allo tare da ɗalibai, da farashin man garinsu da tsawon hanyar kasuwarsu. Wanda ya iya kuma ya karanta wa direban garinsu da shugabannin ƙungiya. Allah ya kiyaye hanya. Sai fitowa ta gaba.